Yawon buɗe ido a Delhi da Agra da Jaipur a makon Diwali: ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa

Tsohon Malami, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina yi wa jama'ar wannan zaure fatan alheri. Na yi ritaya a bara bayan shekara 35 ina koyar da darasin labarin ƙasa, kuma 'ya'yana sun haɗa kuɗi sun ce za su biya mana tafiyar hutu zuwa Indiya, ni da mahaifiyarsu, tunda Allah ya sa mun sauke farali tun shekarun baya. Sun zaɓi Indiya ne saboda sun taso suna jin ina ambaton kogin Yamuna da hamadar Rajastan, alhali ban taɓa ganinsu ba sai a taswira.

Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya aiko mana da jadawalin kwana takwas, tare da ɗan jagora da mota da masauki, a cikin ayarin mutum goma sha huɗu. Za a sauka Delhi ranar Talata 3 ga Nuwamba, 2026, a wuce Jaipur ranar Laraba a yi kwana biyu, a kama hanyar Agra ranar Juma'a a ziyarci Taj Mahal da yamma, a koma Delhi ranar Asabar, a kalli bikin Diwali a can daren Lahadi 8 ga wata, a shiga tsohuwar fadar Lal Kila ranar Litinin, sannan a taso ranar Talata. Kamfanin yana ta jaddada cewa dacewa da bikin shi ne armashin tafiyar, kuma saboda shi ne kuɗin ya ɗara na sauran watanni.

Tambayata kashi uku ce. Shin wannan jadawalin yana da tsari, ko kuwa akwai abin da idon baƙo ba zai hango a cikinsa ba? Na biyu, uwargida tana da ciwon asma, wanda kan tashi mata a lokacin hunturu idan hazo ya yi kauri, kuma na ji ana maganar hayaƙi a Delhi. Na uku, bikin na mabiya addinin Hindu ne, ina son in san abin da Musulmi zai tarar a ƙasa, domin in kai wa malamina tambaya wadda take da kai da gindi. An ba mu mako biyu mu biya kafin alƙalami.

Malamar Tarihi, Samaru

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya yi wa yaran albarka. Na yi karatun digiri na uku a wata jami'a da ke kusa da Delhi, bikin Diwali uku ya same ni a can, kuma waɗannan garuruwa na zaga su fiye da sau ɗaya. Kada ku biya ko sisi a kan jadawalin nan yadda yake. Taj Mahal a rufe yake ga masu ziyara kowace Juma'a, masallacin da ke cikin harabar kaɗai ake buɗewa domin salla, haka kuma a lokacin da nake can ba a buɗe Lal Kila ranar Litinin. Ga alama wani ne ya ɗauko tsohon jadawali ya manna masa sababbin ranaku bai duba kalanda ba, kuma da an tafi a haka, da kun yi tafiyar dubban kilomita kun tsaya kuna leƙen ƙubba daga tsallaken kogi.

Gyaran ba shi da wuya, juya zagayen kawai za a yi. Garuruwan uku sun zauna ne kamar duwatsun murhu, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kilomita ɗari biyu da wani abu, saboda haka ta ko'ina aka fara za a dawo inda aka taso. A yi Delhi ranar Laraba, a yi sammako zuwa Agra ranar Alhamis ta babbar hanyar Yamuna a ga Taj Mahal a ranar, a shiga ganuwar Agra da safiyar Juma'a, a biya ta Fatehpur Sikri a wuce Jaipur, daren bikin ya same ku a can. Ranar tasowa a miƙe daga Jaipur zuwa filin jirgi ba tare da an sake kwana a Delhi ba.

Dalilina na zaɓen Jaipur shi ne abin da na gani a 2022, lokacin da babban daren ya faɗo 24 ga Oktoba. Sarki Sawai Jai Singh na biyu ne ya kafa garin a 1727, da ganuwa da ƙofofi kamar birnin Zazzau, sai dai titunan cikinsa a miƙe suke ɗoɗar, masu faɗi, an tsara su tun kafin a aza tubali, ba lunguna irin namu na bayan Ƙofar Doka ba. A 1876 aka shafe gine-ginen da launin ja-ja domin tarbar yariman Ingila, kuma launin ya zauna har yau. A makon Diwali ƙungiyoyin 'yan kasuwa kan yi gasar ƙawata layukansu da fitilu, musamman kasuwar Johari ta masu gwal da duwatsun ado, har titi ya koma kamar an yi masa rumfa da haske. Amma abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne. A ƙofar wani gida na ga wata tsohuwa a durƙushe tana jera 'yan kasake na yumɓu, kowanne bai fi tafin hannu ba, tana zuba musu mai tana murza lagwanin auduga da yatsu. Fitilar aci-bal-bal ce sak irin ta kakanninmu, su suna kiranta diya. Jikarta kuma tana gefe tana zana fure a ƙasa da garin launuka, wanda suke kira rangoli.

Bikin kwana biyar ne, kuma ana lissafa shi da wata, shi ya sa yake yawo tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Ranar farko, Dhanteras, ranar sayayya ce ta gwal da azurfa da kwanuka, kasuwa ba ta da masaka tsinke. Rana ta uku ita ce babba, a daren da wata ya ɓace, inda iyalai ke bauta wa Lakshmi, wadda suka ɗauka allahiyar arziki, a cikin gidajensu da shagunansu. A arewacin Indiya suna danganta fitilun da komawar Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira. Mabiya addinin Sikh da na Jain su ma suna raya ranar, kowa da nasa dalilin.

Abin da kamfanin bai faɗa muku ba, wataƙila don bai ɗauke shi abin talla ba, shi ne mafi yawan abin da za ku gani a Delhi da Agra tarihin Musulmi ne. Hasumiyar Kutub Minar, mai tsawon fiye da mita 72, Kutbuddin Aibak ne ya fara gina ta wajen 1199, kuma an zagaye jikinta da ayoyin Alƙur'ani da aka sassaƙa a dutse. Babban masallacin Juma'a na Delhi Sarki Shah Jahan ne ya gina shi tsakanin 1650 da 1656. Shi kansa Taj Mahal hubbare ne, wanda sarkin ya fara ginawa a 1632 a kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu wajen haihuwa a 1631, kuma ba a kammala harabar gaba ɗaya ba sai 1653. Ku tsaya a babbar ƙofar shiga ku ɗaga kai, za ku karanta Suratul Fajri da kanku, a rubuce da baƙin dutse da aka dasa cikin fari. Na ga wani ɗan jagora yana ta kwararo bayani a kan rubutun daga hadda, alhali ba ya iya karanta harafi ɗaya, wani dattijo ɗan Sudan kuwa yana bayansa yana bin ayoyin a hankali da leɓɓansa. A ganuwar Agra kuma za a nuna muku ɗakin da Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ya rasu a 1666, inda ake hango hubbaren a gaɓar kogi.

Fatehpur Sikri kada ku yarda a ce awa ɗaya ta isa. Birni ne sukutum da Sarki Akbar, kakan Shah Jahan, ya fara ginawa a 1571 da jan dutse, ya mai da shi fadarsa, sannan ya bar shi wajen 1585. Tunda ranar Juma'a ce za ku bi ta can, ku sa a rubuta lokacin salla a cikin jadawalin, domin akwai babban masallaci a wurin.

Maman Amira, Shika

Baba, ina wuni. Ban ƙi bayanin Malama ba, amma ni hankalina yana kan Hajiya. Na yi jinyar mahaifina a Delhi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamban 2023, kuma ni ma'aikaciyar jinya ce, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Hayaƙin Delhi ba irin hazonmu ba ne. Namu ƙura ce da iska ke ɗebowa daga hamada, nasu kuwa hayaƙi ne mai ƙauri, wanda ke sa ido yaji, maƙogwaro ya riƙa ƙaiƙayi, kuma idan ka fyace hanci da yamma sai ka ga baƙi a hankici.

Ba kuma daren bikin kaɗai ke jawo shi ba, a nan ne nake ganin juya jadawali bai warware matsalar duka ba. A daidai wannan lokacin ne manoman jihohin Punjab da Haryana ke ƙona tushiyar shinkafa domin su yi saurin shuka alkama, iska kuma ta kwanta saboda shigowar sanyi, sai hayaƙin gona da na motoci da na masana'antu su taru su zauna a kan birnin. Ma'aunin gurɓatar iska na ƙasar yana tsayawa ne a 500, duk abin da ya haura 400 kuwa shi ne mataki mafi muni, kuma a farkon Nuwamban 2023, tun kafin bikin da aka yi ranar 12 ga wata, an kai wannan matakin har aka rufe makarantun firamare. Wasan wuta ƙari ne a kan abin da yake akwai. Kotun ƙolin ƙasar ta taƙaita shi tun 2018, amma a unguwar da muka zauna an yi ta harba shi har bayan ƙarfe biyu na dare, washegari kuma ba a ganin benen da ke tsallaken titi. Ranakun 3 da 4 ga Nuwamba da Malama ta ba Delhi suna tsakiyar lokacin ƙona gonakin ne. Jaipur ta fi sauƙi, wannan gaskiya ne, amma can ma ana wasan wutar.

Da mahaifiyata ce, da na ce a ɗaga tafiyar. Azumin 2027 zai kama a cikin Fabrairu, a yi ƙaramar salla wajen 10 ga Maris, kuma bayan sallar akwai 'yan makonni masu kyau kafin zafin Afrilu ya sauko, wanda a Agra da Jaipur yakan wuce digiri 40 idan an shiga Mayu. Gine-ginen suna nan ba inda za su je. Sai dai a duba kalanda, domin a wajen Maris ne suke bikin Holi, wanda ake watsa wa juna garin launi a titi, shi ma ba abokin mai asma ba ne.

Idan kuwa an ƙudura sai Nuwamba, to Hajiya ta ga likitanta tun yanzu, ya duba ƙirjinta ya faɗi ra'ayinsa. Ta tafi da abin shaƙarta guda biyu a jakar hannu tare da takardar likita, kada a saka su a akwatin da za a auna. A sayi takunkumi samfurin N95, domin na ƙyalle ba ya tare wannan hayaƙin, a kuma tambayi otal ko yana da na'urar tace iska a ɗaki. A yi inshorar lafiya wadda aka bayyana ciwon a cikinta. Kada a manta da katin rigakafin cutar shawara, domin Indiya tana neman sa daga wanda ya fito daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.

Ɗan Kasuwa, Sabon Gari

Ranka ya daɗe, Malam. Ni kayan gyaran keke napep nake sarowa a Delhi, kuma tunda kekunan nan daga can ake kawo mana su, ranar da ka sauka za ka ɗauka a PZ ta Zariya kake. Maganar lafiya na bar wa masu ita. Hukuncin halartar bikin kuma na malamai ne, amma zan faɗa maka abin da za ka tarar domin tambayarka ta fita sosai.

Ibadar bikin a cikin gida da wurin bautarsu ake yin ta, ba wanda zai tare ka a titi ya sa ka ciki. Inda ake samun matsala shi ne irin waɗannan shirye-shiryen na ayari, domin sau da yawa sukan saka ziyarar wani gida a daren, a zaunar da baƙi a wurin bautar, a zagaya da faranti mai wuta, a ɗiga wa kowa jan abu a goshi, a raba alewar da aka riga aka miƙa wa abin bauta, wadda suke kira prasad. Wasu otal ma da wannan ɗigon goshin da sarƙar fure suke tarbar baƙo tun daga ƙofa. Ka tambayi kamfanin ko akwai wannan a shirinsu, kuma idan akwai, a rubuta cewa ku ba ku ciki, mota za ta mai da ku masauki ko ta zaga da ku kallon gari. Idan aka nufo ka da farantin, ka dafa ƙirji ka yi murmushi ka ce kai Musulmi ne. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, domin ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun kai kashi 14 cikin ɗari na ƙasar, sama da mutum miliyan 170, ba baƙin abu ba ne a wurinsu. Alewar kanti kuwa daban take da prasad, akwai wadda ake kira barfi, tuwon madara ce kawai da ta sha gyaɗar Turawa.

Ka kiyaye da alƙibla. Mu nan mun saba cewa a fuskanci gabas, har kalmar ta zama sunan alƙiblar, to a Delhi yamma ake kallo. A zuwana na farko na yi la'asar da magariba ina bai wa Ka'aba baya kafin wani mai shara a masaukin ya gyara mini shimfiɗa. Agogonsu yana gaba da namu da awa huɗu da rabi. Nama kuma iri biyu ne, akwai na halal, akwai wanda ake kira jhatka da ake sare kan dabba da sara ɗaya, saboda haka a tambaya kafin a ci. A unguwar da ke gaban babban masallacin Delhi ba ka da damuwa. A kan hanya kuwa abincin ganye da wake ya fi kwanciyar rai, kuma duk abincin leda mai ɗigon kore a cikin murabba'i ba nama a cikinsa.

Sai maganar 'yan jagora, wadda ta taɓa ci mini rabin yini a Agra. Mutumin ya gaggauta mu a cikin Taj Mahal, ko awa ɗaya da rabi ba mu yi ba, ya ce zai kai mu mu ga jikokin magina suna aiki. Ashe shago ne, mutum biyu a bakin ƙofa suna goga dutse, ciki kuma tebura da faranti na sayarwa, an kawo shayi an rufe ƙofa. Yana da la'adarsa a kan duk abin da aka saya. A Jaipur darduma da duwatsun ado ne. Ka sa a rubuta yawan shagunan da za a tsaya, da awannin da za a yi a kowane wurin tarihi, da kuma ko kuɗin shiga yana cikin abin da kuka biya, domin na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. A Taj Mahal rupi 1,100 na biya, da ƙarin 200 na shiga cikin ƙubbar. Ba a shiga da abinci, kuma motar mai ba ta isa bakin ƙofa, sai a ƙarasa da ƙafa ko da motar lantarki, don haka a nema wa Hajiya wurin zama a cikinta. Jirgin ƙasa kuwa kada ku sa shi a lissafi a wannan makon in ba an riga an yanki tikiti ba, domin ma'aikata duk suna komawa garuruwansu, kamar tashar Kwangila ana jibi salla.

Malamar Tarihi, Samaru

Maman Amira ta fi ni gaskiya a kan ranakun farko, na yi lissafin ƙofofin da ke rufe ne ban yi na ƙirjin Hajiya ba. Idan likita ya amince da tafiyar, ana iya rage Delhi zuwa yini ɗaya, a ga Kutub Minar da hubbaren Sarki Humayun, a yi azahar a babban masallaci, a bar Lal Kila, tunda ganuwar Agra da Akbar ya fara a 1565 irin ginin ce kuma ta fi ta cika. A Jaipur kuma a nemi masauki a wajen ganuwa, a fita kallon fitilun ranar Asabar da magariba, lokacin da an riga an kunna su amma wasan wuta bai kankama ba, daren Lahadi kuwa a zauna a ɗaki a rufe taga. Fadar Amber tana kan dutse, hawanta ya fi ƙarfin mai numfashi sama-sama, sai a hau da mota.

Tsohon Malami, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira kamfanin jiya na karanta musu maganar Juma'a da Litinin. Da farko yaron da ya ɗauka ya ce ai suna da hanya, da na nemi ya rubuta mini hakan a takarda mai hatimi sai ya haɗa ni da maigidansa, wanda ya duba ya amsa cewa kuskure ne. Ya ce za su juya zagayen idan sauran mutanen ayarin sun yarda, kuma ya tabbatar da cewa akwai ziyarar wani gida a daren bikin, wadda ba ta cikin takardar da suka aiko mana. Na tambaye shi farashin tafiyar Maris, ya ce zai turo kafin ƙarshen mako.

Malamina na same shi bayan sallar asuba, ya ce in kawo masa sabon jadawalin ya gani da idonsa kafin ya ce komai. Uwargida kuwa, da na karanta mata bayanin fitilar aci-bal-bal, ta ce ita dai tana son ta gani, da na kai ga bayanin hankicin Maman Amira sai ta yi shiru. Mun karɓi kati za ta ga likitanta ranar Talata, kuma na gaya wa yaran su riƙe kuɗinsu tukuna. Ɗan Kasuwa, idan ba damuwa, ina son sanin ko dala kake tafiya da ita ka canza a can, ko kuwa katin banki yana yi maka aiki a kasuwanninsu.